Tok renci ɗan Chana na ɗaure notin taya, ya ci kuɗinsa ko kuwa?

Jama'a masu Hilux da Prado da Land Cruiser, musamman ku da motarku ta fi sanin burji da yashi a kan kwalta, ga ra'ayina kan wani ƙarfe da na jima ina aiki da shi, wato tok renci. Sifana ce doguwa mai ma'auni a jikin mariƙinta, kana murɗa mariƙin ka saita iya ƙarfin da kake so noti ya ɗauru, in ka ja ka kai wajen sai ka ji ta yi ƙas a hannunka, shikenan ka tsaya. Masu haɗa inji sun daɗe da saninta don da ita ake ɗaure kan silinda, amma a wajen taya kam da wuya ka ganta a hannun mai faci. A taƙaice dai eh ya ci kuɗinsa, amma akwai inda ya ba ni haushi, kuma akwai masu motar da zan ce kar su sayi irin nawa, su nemi babbansa.

Nawa a Ƙofar Ruwa na saye shi a Kano, ɗan Chana ne, sunan da ke jikin akwatin ma ba wanda za ka riƙe ba ne. Bakinsa rabin inci, ma'auninsa daga 28 zuwa 210 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin murɗa noti), tsayinsa kamu ɗaya da ɗan wani abu, yana zuwa cikin akwatin roba da soket 17 da 19 da 21 da ɗan ƙarfen ƙarin tsayi. Kuɗinsa bai kai na sabuwar tayar Hilux guda ɗaya ba, nesa ma. A hannu yana da nauyi ba kamar kayan wasa ba, racet ɗinsa ba ya zamewa, ƙarar ƙas ɗin kuma kana jinta har a kafaɗa ko da janareto na aiki a gefenka, sai dai in ka saita shi ƙasa sosai, nan kam ƙarar tana da sanyi, in ba ka natsu ba sai ka wuce ba ka sani ba, amma dai notin taya ba ya sauka can.

To me ya kai mutum sayen wannan abu bayan ga wil sifana kyauta a bayan kujera? Karyewar sitod, bol ɗin nan da noti ke hawa, wanda ke fitowa daga jikin hob, wato ƙarfen da ake ɗora rim a kansa. Duk wanda ya yi jigila da Hilux ta wajen Gumel da Maigatari ko ya nausa Nguru da Machina da lodi ya san zancen, ana cikin tafiya sai ka fara jin ƙwas ƙwas daga baya kamar boris ya ci, ka tsaya ka duba ka tarar noti biyu babu su, sun tafi da guntun sitod a cikinsu, ragowar huɗun kuma da yatsa ma sai su juya. Mu tamu tayar baya ce ta hagu, da buhunan riɗi a kai, Allah Ya taƙaita yaron mota ya ji ƙarar da wuri kafin tayar ta fice. Da muka ciro guntun da ya rage a hob na riƙe shi a rana na duba bakin karayar, fiye da rabinsa ya yi baƙi da tsatsa, sumul, da wasu layuka masu lanƙwasa a jere, ɗan gefe ɗaya ne kawai fari mai ƙyalli mai kaushi. Wancan baƙin tsohon tsagu ne, ya daɗe yana ci a hankali, farin shi ne abin da ya rage yana riƙe da taya har ranar da ya gaza. Wato ramin da muka faɗa ranar ba shi ya karya shi ba, ƙarasa shi kawai ya yi. Kuma kafin nan an canza mana tayoyi a wani wajen faci da gan, injin nan na iska mai farrr, yaron ya danna har sai da ƙarar ta koma ta-ta-ta noti ya daina motsi, ya ɗago yana murmushi wai Alhaji wannan ko Agadas za ka ba zai kwance ba.

Abin da mutanenmu da yawa ba su gane ba shi ne sitod ba nauyin mota yake ɗauka a kansa kai tsaye ba. Aikinsa ya matse rim da fuskar hob, matsewar nan ita ke riƙe taya. In ka ɗaure noti sitod yana ɗan miƙewa kaɗan, ido ba ya gani, yana son komawa yadda yake, wannan jan da yake yi shi ne matsewar. Kamar robar ɗaure kaya a bayan mashin ce, in ba ka ja ta ba kaya su yi ta rawa, in kuma ka ja ta fiye da kima ta saki jiki ba ta ƙara kamawa. Sitod ɗin da aka ja ya wuce iyakarsa ya miƙe kenan har abada, ko ka ɗaure shi daidai gobe ƙarfin riƙonsa ya ragu, in ka duba da kyau wani lokacin za ka ga ya ɗan sirance a wajen zaren farko, noti kuma yana tafiya sumul sai ya zo nan ya cije. Shi kuma wanda bai ɗauru ba, rim na samun wurin motsi, duk juyin taya sai ya lanƙwasa sitod gaba ya dawo da shi baya, a hanya mai gargada sau dubbai, daga nan tsagu ya fara. Duka biyun ƙarshensu ɗaya, kuma sau da yawa na farkon ne ke haifar da na biyun.

Yanzu ku yi lissafi da ni. Littafin Hilux irin su Vigo 105 Nm ya ce. Mutum mai kilo 70 in ya hau kan wil sifana mai tsayin santimita 30 ya tsaya cak ya ba da wajen 200, ninki biyu kenan tun bai yi tsalle ba. In kuma ya zura fayif mai mita 1 ya hau, wajen 690 ne, a kan ɗan ƙarfe mai kaurin milimita 12. Gan na rabin inci kuwa da yawansu suna kaiwa 600 har sama in iska ta cika. Kuma wallahi wannan hawa fayif ɗin a wajenmu shi ne alamar mai faci ya yi maka aiki tsakani da Allah, in bai hau ba ma direba ne zai ce kai yaro ƙara masa. Ban ga laifinsu sosai ba, a haka suka tarar da iyayen gidansu, kuma su tsoronsu kar taya ta fice a ce su ne, amma gaskiya sitod da yawa a hannunsu yake mutuwa, sai bayan wata da watanni a yi jana'izarsa a daji.

Ranar farko da na sa tok rencin a kan motar wani abokin aikina da bai jima da fitowa daga wajen faci ba, kafin ma noti ya motsa ya yi ƙas. Ya ce to ka gani daidai yake. Na ce a'a malam, wannan ƙas ɗin cewa kawai ya yi notin ya kai 105 ko ya wuce, bai faɗa maka da nawa ya wuce ba, zai iya zama 110 zai iya zama 400. Wannan ita ce babbar yaudarar da ake yi da shi har a manyan shagunan taya masu balansin da alaimen, a ɗaure da gan tamau sannan a ɗauko tok renci a bi notuna ana ƙas ƙas don mai mota ya gani ya ji daɗi. Aikin banza ne. Dole noti ya kasance yana juyawa a lokacin da ƙarar ta fito, in bai juya ba sai an sassauta an sake. Da muka zo sassauta nasa sai da muka sa doguwar sifana mutum biyu, ɗaya kuma ya fito da zarensa a cinye.

Batun ko ma'aunin ɗan Chana gaskiya yake faɗa, ni ma na yi wannan tunanin, takardar cikin akwatin ta ce kuskurensa ba ya wuce kashi 4 cikin 100, to takarda ai ba ta ƙin tawada. Sai na kai shi wajen mai walda muka damƙe bakinsa a bais, matsen ƙarfen nan na kan teburi, mariƙin ya miƙe a kwance, na auna santimita 40 daga tsakiyar bakin zuwa tsakiyar mariƙi, muka rataya jarka mai lita 25 cike da ruwa a wajen da igiya. Kilo 25 a santimita 40 yana ba da wajen 98, in ka haɗa da nauyin jarkar kanta kusan 100 kenan. Da na saita shi a 110 muka saki jarkar a hankali shiru, na sauko 105 shiru, ina zuwa wajen 100 ya yi ƙas. To ni dai wannan ya ishe ni a aikin taya. Masu ƙa'ida sun ce a kai shi a duba ma'auninsa duk shekara ko bayan ja 5,000, mu da ba mu da wajen kaiwa a kusa jarkar nan ta wadatar, kuma kowa zai iya yi.

Inda ya ba ni haushi, na farko lambobin. An zana su ne a jikin ƙarfe mai sheƙi ba fenti, da rana suna ɗaukar ido, da magariba sai da fitilar waya, ga layi biyu, gefe ɗaya Nm ɗaya gefen kuma kilogiram-mita, in ka rikice ka karanta ba daidai ba kai da ba ka da shi duk ɗaya. 105 Nm shi ne 10.7 a wancan layin, ku riƙe wannan. Wasu kuma da ake kawowa daga Amurka da wani ma'auni suke, fam-ƙafa, a nan 105 ɗin 77 ne, in ka saita 105 a irinsu ka ba shi sama da 140 Nm. Na biyu ɗan makullin da ke gindin mariƙi, yana kwancewa da kansa in kana aiki, sai ka ga saitin ya gusa, ni yanzu duk taya ɗaya sai na sake leƙawa. Akwatin ma maɓallinsa bai yi ƙarko ba, da roba nake ɗaure shi, wannan dai ba komai.

Na uku shi ne babba, kuma don shi na ce wasu kar su saya. Ba soket 22 a ciki, notin Land Cruiser 100 da 200 da akori-kurar nan 79 kuwa 22 ne, su sitod 5 gare su masu kaurin milimita 14, ba 6 masu 12 irin na Hilux da Prado ba. Soket dai a saya daban, ba tsada. Matsalar ita ce ƙarfin. Toyota ta ce 131 Nm in rim ɗin alminiyom ne, in kuma na ƙarfe ne 209. Dubi tazarar, mota ɗaya fa, rim kawai ya bambanta. To ƙarfen da iyakarsa 210 ka ce kullum zai riƙa aiki a 209, kana wahalar da sifirin da ke cikin mariƙinsa, kuma da wannan gajeren hannun sai ka sa duk jikinka kafin ya yi ƙara. Masu 79 da rim na ƙarfe, irin waɗanda ke bin hanyar Agadas zuwa Dirku da motocin ƙungiyoyi da na jami'an tsaro, su nemi dogon wanda ke kaiwa 300 ko sama, ya fi tsada amma shi ne nasu. A nan kuma abin ya juye, mai 79 da ya ji an ce 105 a bakin mai Hilux ya je ya ɗaure rim ɗin ƙarfe a haka, rabin abin da ake so ya ba shi. Kowa ya buɗe littafin motarsa, lambar tana shafin taya ko wajen bayanin canza safaya.

Sannan dan Allah kar wani ya ɗauka da ya sayi wannan ƙarfen ya gama da karyewar sitod. Shi ƙarfin juyawa kawai yake aunawa, bai san abin da ke tsakanin rim da hob ba. In ka canza taya a cikin yashi ko taɓo ka jingina rim a ƙasa, ƙasa ta manne a bayansa ka mayar a haka, zai yi maka ƙas lafiya lau, ka yi tafiya kaɗan ƙasar ta niƙe ta zube, notuna duka su saki. Haka tsatsa, haka sabon fenti mai kauri a fuskar rim. Burushin waya da tsumma nake ajiyewa cikin akwatin, minti biyu ne. Sai batun giris da baƙin mai, makanikai da yawa suna shafawa a zare wai don kar ya ci tsatsa, niyya mai kyau ce amma lambar da ke littafi ta busasshen zare ce, da zarar ka sa mai noti ya yi santsi, 105 ɗin nan sai ta ja sitod fiye da yadda aka tsara, littafin Toyota ma ƙarara ya hana. A goge da burushi a bar shi a bushe.

Noti ma kala-kala ne kuma a nan ake yawan kwamacala. Rim ɗin alminiyom na Toyota na asali notinsa mai wosha ne, fuskarsa a shafe da ɗan wuya da ke shiga cikin ramin, na rim ɗin ƙarfe kuma bakinsa a fiƙe yake yana zama cikin rami mai gangare. Mutum zai sayo rim na gayu a kasuwa ya ɗora da tsofaffin notunansa, wurin zaman bai dace ba, ɗan gefe kawai ke taɓawa, ko me ka ɗaure da shi sai ya kwance ya kuma cinye ramin ya zama kamar ƙwai. Rim mai kauri ko sifesa, faifan da ake sawa tsakanin rim da hob, kuma suna cinye tsayin sitod, in noti bai samu juyi wajen 8 ba a kan na Hilux kafin ya kama, zaren da ke riƙe da shi ya yi kaɗan. Ga kuma na Nissan, tsofaffin Patrol da Navara, kaurin ɗaya da na Hilux amma tazarar zaren milimita 1.25 ce, ta Toyota 1.5, a ido kamar ɗaya, zai hau juyi ɗaya biyu ya cije, mai gan bai ma san ya cije ba, ya tura shi da ƙarfi ya yanka sabon zare. Shi ya sa nake cewa kowane noti a fara shi da yatsu, in bai tafi da yatsu ba akwai magana.

Yadda nake yi yanzu ba wani abu ne mai wuya ba. Mota na kan jak in ɗora taya, in shigar da notuna duka da hannu, in ɗan kama su da wil sifana ana tsallakawa, wannan sai na gabansa ta ɗaya gefen, ba bi da bi a zagaye ba don rim ya zauna a tsakiya. In sauke jak har taya ta taɓa ƙasa ta daina juyawa, in bi su da tok renci a wajen rabin lambar, sannan in saita cikakkiyar in sake bi, ja ɗaya a natse ba fizga ba, hannu a tsakiyar mariƙi, ya yi ƙas in saki, ba a ƙara masa na albarka. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 in tsaya in sake bin su, kuma abin mamaki kusan kullum sai ka samu ɗaya ko biyu sun ɗan karɓa, musamman a rim ɗin alminiyom. Littafin Toyota ma ya ce a sake dubawa bayan kilomita 1,600 a irin wannan rim ɗin, amma wanda ke bin gargada da lodi bai kamata ya jira nan ba. In na gama in mayar da ma'aunin can ƙasa kafin in ajiye don kar sifirin ya gaji, kuma ba na kwance noti da shi ko kusa, wannan aikin doguwar sifana ne. Yaran gareji in ka ba su aro abin da za su fara yi da shi kenan, don haka nawa ba ya kwana a hannun kowa.

Masu faci kuwa, da farko kallon mai iyayi suke min. Akwai wani dattijo da nake zuwa wajensa, na ce Baba a kwance da gan ba laifi, amma ɗaurin a bar min. Ya karɓi ƙarfen ya juya shi ya ja noti ɗaya, da ya ji ƙas ya dube ni ya ce yanzu ɗan nan wannan shi ne ya ɗauru? Ai ko jikata ta fi haka ƙarfi. Na ce Baba haka masu motar suka ce. Ya girgiza kai ya ce to Allah Ya kiyaye hanya, amma in ta fice ba ruwana. Har yau in na je sai ya tsokane ni, sai dai na lura in zai kwance tayata ba ya neman fayif, kuma ya daina ce min sitod ɗin Hilux na yanzu ba su da kyau.

Wanda sitod ya riga ya karye masa, shawarata ya canza duka na wannan ƙafar har da notunan, don ragowar sun sha irin wahalar da ɗan uwansu ya sha, sun kuma ɗauki nauyinsa bayan ya tafi. A nemi na asali ko na jikin hob ɗin Beljiyam mai kyau, masu arhar nan marasa ko tambari a kai suna da laushi. Wajen sawa kuma a tura shi da fires, injin danna ƙarfe, ko a jawo shi a hankali da wosha da noti da hannu har kansa ya zauna daram a bayan hob, in an bar rata a nan zai ƙarasa zama a hanya noti ya saki. Rim ɗin ma a duba ramukansa, in sun yi faɗi ko ka ga baƙin gari ko jan layin tsatsa na fitowa daga gindin noti, ya yi aiki a sake, wani lokacin sai dai a haƙura da shi.

In maki zan ba shi, ga mai Hilux da Prado da Land Cruiser mai rim ɗin alminiyom 4 cikin 5, lambobin da makullin suka ci ɗayan. Wani ya tambaye ni ko zai yi masa a Kanta, a'a ba zai yi ba, ƙarfin notin Kanta ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba, kuma da yawansu tayoyin gefen hagu zaren hagu ne, za ka ga harafin L a kan sitod ɗin, shi kuwa wannan ta dama kawai yake aunawa, in ka juya shi hagu zai ja amma ba zai yi ƙas ba.